Damisar Dutse da Rimot ɗin Fanka

Mijin yayata irin mutanen nan ne da idan jirgin sama ya wuce zai ɗaga kai ya kasa kunne, ya ce ƙarar injin nan ba daidai take ba, da shi aka kai wa da tuni an wuce wurin. Gyaran fanka yake yi. Shekara ashirin yana naɗa waya yana canza kafasta, amma allon da ya kafa a ƙofar shago INJINIYA aka rubuta da jan fenti, kowane harafi ya kai tsawon hannuna.

Ni mai walda ne, kuma shago ɗaya muke ciki. Shi ke da bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gan shi. Ni an cusa ni baya, ta ƙofar lungu, gefen kwata, inda in ba kaji ba babu mai ganin ƙyauren da na haɗa. Shekara shida ina roƙonsa mu riƙa canji ko da wata-wata ne. Kullum amsarsa ɗaya: "Ƙanina, gaban shago fuska ne. Kai kuwa da wannan baƙin tabarau naka, korar mutane za ka yi."

Rannan likitan haƙorin da ke saman benen layinmu ya shigo rungume da wata 'yar mota, girmanta kamar akwatin kayan aiki, tayoyinta manya masu laushi. Wani ƙarfe ne ya karye a ƙarƙashinta. Na ɗana masa wuta sau biyu ya kama. Ya ce bari ya gwada, ya ajiye ta gaban tarin ƙarafana, ya ɗauko na'urar sarrafa ta mai kama da bindiga. Motar nan ta ɗaga taya ɗaya ta ɗora kan guntun rodi, ta lanƙwasa jiki, ta jawo ɗaya, a hankali a hankali har ta haye tarin ta sauka ta can.

Ban san Injiniya na tsaye a bayanmu ba sai da na ji tsaki.

"Likita, wannan mota ce ko kunkuru aka sa wa taya?"

"Ai haka ake so, Injiniya. Motar hawan duwatsu ce. Ƙarfinta a giya yake, ba a gudu ba."

"Ciwo ne," in ji shi. "Ni na san ciwon nan. Duk fankar da aka kawo min tana juyi haka, kafasta ce ta mutu. Ka bar min ita kwana biyu."

Likita ya yi maza ya rungume motarsa kamar an ce za a cire mata haƙori ba allura.

Abin ya ɓata wa Injiniya rai. Ya ja mu har bakin ƙofa, ya nuna tsallaken titi, inda ake shirin gina wani bene. Tifa ta yi sati tana zuba duwatsun fandisho a wurin, tsibin ya kai tsayin mutum uku.

"Kun ga wancan? Ku ba ni kwana goma. Zan haɗa tawa da tarkacen shagon nan, ta hau har ƙoli kafin ta Likita ta gama gaisawa da dutsen farko."

Na ce, "In ba ta hau ba fa, Yaya?"

"In ba ta hau ba ka ɗauki bakin ƙofa!"

Mai askin da ke maƙwabtaka da mu ya kashe injinsa ya leƙo. "Maimaita, Injiniya. Kunnena da gashi, ban ji da kyau ba."

Ya maimaita, har da buga ƙirji. Sannan ya ƙara da cewa in ta hau, kar in sake yi masa maganar ƙofa har ƙasa ta rufe idona. Na yarda. Aka sa Likita alƙali: gwaji uku, mota ta hau da tayarta, hannu ba ya taɓa ta in ta fara hawa.

Washegari ya zo da zane a bayan kwalin sabulu, ya ce in haɗa masa gangar jiki. Na duba zanen, na juya shi, na sake juyawa.

"Yaya, wannan mota ce ko gadon asibiti? Ta yi tsayi da yawa."

"Kai dai ƙona ƙarfe. Tunani ba sashenka ba ne."

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Na yi masa walda mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata, don kar gobe a ce ni na yi zagon ƙasa. In za ta mutu, ta mutu da ciwon ubanta.

Inji ya fito daga fankar caji. Tayoyi ya ciro daga tsofaffin janareto biyu, roba mai tauri, sulɓi kamar sabulu. Batirin babur ya ɗora can sama, ya ɗaure da igiyar roba, wai don ya sha iska. Rufin motar kuwa ragar fanka ce, zagaye, wadda mai aski ya tsaya yana kallo ya ce kamar ya santa.

"Injiniya, ina fankata da na kawo tun makon jiya?"

"Tana kan aiki."

"Wane aiki?"

"Aikin da ya fi ƙarfin shagon aski."

Sai maganar sitiyari. Nan ne na san mutumin nan ya yi nisa. Kun san ɗan injin nan da ke juya kan fanka hagu da dama? Shi ya ɗaura wa tayoyin gaba. In ka danna, tayoyi su fara leƙe hagu, dama, hagu, dama, sai ka sake dannawa a daidai inda kake so su tsaya. Likita da ya leƙo ya ce a sayi na'urar rediyo irin tasa, wadda ke kai saƙo daga nesa. Injiniya ya zaro rimot ɗin fanka daga aljihu, ɗan fari, mai maɓalli shida.

"Saye na marasa kai ne, Likita. Ga kunnawa, ga ɗaya, biyu, uku, ga juyi, ga kashewa. Me kuma mota ke nema?"

Mai aski ya ce, "Ribas fa?"

"Ka taɓa ganin fanka tana ribas? Damisar Dutse ba ta ja da baya."

Sunan da ya raɗa mata ke nan.

Rana ta shida aka yi gwajin farko a cikin shago. Ya ajiye Damisa tana fuskantar ƙofa, ya gyara wuyan riga, ya danna uku. Abin da ya manta shi ne, fankokin mutane bakwai irin wannan samfurin suna jere a kan kanta, kuma duk yaren rimot ɗaya suke ji. Gaba ɗaya suka tashi. Takardu suka yi sama, ƙurar shekara ashirin ta turnuƙe, kalandar bango ta zo ta manne min a fuska. Damisa kuwa ta fita kamar an harba ta, ta daki dakalin ƙofa, ta karkata, ta faɗa shagon aski ta shige ƙarƙashin kujera.

A kan kujerar akwai wani mai gidan burodi, ƙato, ana gyara masa gefe. Mai aski ya zabura, injin ya bi ta tsakiyar kan mutumin daga goshi har ƙeya. Titi sosai, mai hannu ɗaya.

"Kashe ta! Kashe ta!"

Injiniya na tsaye a shagonmu yana danna kashewa, fankoki bakwai suka mutu, Damisa na ci gaba da haƙa ƙarƙashin kujera, don rimot ɗin fanka sai ya ga idon abin da yake wa magana. Sai da ya shiga ya durƙusa tsakanin ƙafafun mai burodi ya nuna mata rimot a fuska sannan ta yi shiru.

Mai burodi ya dubi madubi. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi min wannan?"

"Ranka ya daɗe," in ji Injiniya daga ƙasa, "ka shiga tarihi. Kai ne mutum na farko da ya ga ƙarfin injin nan da idonsa."

Mu uku muka riƙe mutumin. Ƙarshe tal kwabo aka yi masa, ya fita yana cewa ranar hawan zai zo ko da gidan burodin na cin wuta.

Likita mutumin kirki ne, ya ja Injiniya gefe. "Injiniya, ka rage mata gudu da giya. Ka sauko da batirin ƙasa. Ka nemi taya mai laushi da za ta kama dutse."

"Likita, ni na taɓa hawa sama na ce ga yadda za ka ciri haƙori?"

"A'a."

"To."

Cikin shawara uku ya ɗauki rabin ɗaya, ita ma ya ce tun da can tana cikin tsarinsa. Maganar gudu kuwa, sai ma ya zauna ya sake naɗa wayar injin don ya ƙara. Ya ce shi bai taɓa mayar wa mutum fanka tana juyi ƙasa da yadda ta zo ba, ba zai fara a kan 'yarsa ta cikinsa ba.

Rana ta takwas sai ga Yaya, wato matar Injiniya, a shago, takalmin fita a ƙafarta da rana tsaka, fuska a murtuke.

"Baban yara, ina silifas ɗina?"

"Wane daga ciki?"

"Duka! Na banɗaki, na tsakar gida, da sabon da ban ma taka ba!"

Ta bi idonsa da kallo har kan Damisa. Ya yayyanka su gunduwa-gunduwa ya manna wa tayoyi da gam: shuɗi, ja, ruwan hoda mai fulawa.

"Kuma fankar cajina da ka ce za ka duba?"

"Maman yara, ki yi haƙuri da zafin kwana biyu. In na hau dutsen nan, kamfanoni ne za su yi layi."

"Layin masu karɓar fankarsu dai."

Ta zagayo baya wurina, ta rage murya. "Auta, da gaske in ya faɗi za ka karɓe ƙofa? Ka san da masu wucewa yake samun aiki."

Na ce, "Yaya, ni ma da masu wucewa zan samu. Shekara shida kaji nake wa talla."

Ta waiwaya ta kalli fulawar sabon silifas ɗinta a jikin tayar janareto.

"Ƙarfe nawa za a fara? Ina son wuri a gaba."

Ranar Asabar, ƙarfe biyu, rana kamar ta sauko ta zauna a kan mutane. Layinmu kaf ya rufe. Mai gadin wurin ginin ya buɗe ƙofar kwano don shi ma yana son kallo. Mai burodi ya zo da kujerarsa da sabuwar hula. Masu fanka huɗu sun zo, ba kallo ya kawo su ba, amma suka tsaya. Injiniya ya fito cikin farar riga mai guga da takalmi sau-ciki mai tsini, ya rataya gwadon wuta a wuya, Damisa a kafaɗa.

Ya fara jawabi. Mai aski ya ce a taƙaita, gam na narkewa.

Gwaji na ɗaya. Ya ja da baya da ita taku ashirin, ya ce manyan direbobi da gudu suke cin tudu. Ya danna uku. Damisa ta taho tana ƙara, ta daki dutsen farko, gaba ya tashi, nauyin batirin da ke sama ya ja ta, ta yi alkafura ta kwanta rigingine. Tayoyi huɗu suna ta juyi a sama.

Mai aski ya matsa ya kara fuskarsa, ya lumshe ido. "Kai, alhamdu lillahi. Ashe dai fankata na aiki."

"Ɗumama jiki take yi!" in ji Injiniya.

Gwaji na biyu. Ya aro rabin bulo wurin mai gadi ya ɗaure mata a ciki da waya. Ya sake danna uku. Wannan karon ba ta kife ba. Ta kafa kai a tsakanin duwatsu biyu, tayoyi suka hau juyi a wuri ɗaya, hayaƙin roba ya tashi, sai silifas suka fara fita. Shuɗi ya wuce ta kan mutane. Ja ya faɗa bokitin mai sayar da ruwa. Ruwan hodan nan mai fulawa ya tafi kai tsaye ya ɗauke hular mai burodi, ƙwalƙwal ɗin ya bayyana yana ƙyalli.

"Sau biyu ke nan!" Mai burodi ya miƙe. "Sau biyu!"

Aka zaunar da shi da ƙyar. Likita ya ɗaga yatsa. "Saura ɗaya, Injiniya."

Wallahi a lokacin har na fara auna inda zan ajiye tukunyar gas. Injiniya ya share gumi. Ya dubi shago a tsallaken titi, ya dubi jan allonsa. Ya durƙusa ya ɗaɗɗaure ragowar silifas da waya, ya daɗe yana yi. Sannan ya miƙe ya ce, "Yanzu zan nuna muku wata dabara da na ƙirƙiro." Ya ajiye ta dab da dutse, ya danna ɗaya.

Likita ya buɗe baki. Yaya ta taka masa ƙafa.

Jama'a, motar nan ta hau.

Batirin ya riga ya gaji, bulo ya danne ta, waya na kama dutse, sai ga gadon asibitin nan yana rarrafe, yana gurnani, yana ɗaga taya yana ɗorawa. Dutse ɗaya. Biyu. Biyar. Na ce shi ke nan, ni da kwata mutu ka raba, kuma da waldata aka kashe ni.

Sai dai rimot ɗin fanka, a cikin rana irin wannan, taku uku ne iyakarsa. Dole Injiniya ya bi ta. Da farar riga, da takalmi mai tsini, ya kama hawa da hannu ɗaya da gwiwoyi biyu, ɗaya hannun na nuna mata rimot a gindi. Ya danna juyi don ta kauce wa wani dutse, ya danna ta tsaya, ba ta ji ba. Tayoyin gaba suka ci gaba da leƙe hagu da dama, motar na hawa tana girgiza kai kamar ana ba ta magani tana ƙi.

"Ita ma ta ce a'a!" in ji mai aski.

"Wanne ne motar, wanne ne direban?" wani ya tambaya. "Duk rarrafe suke!"

Takalmi ɗaya ya zame ya gangaro. Wandon ya ce ɓarrr a baya. Bai waiwaya ba. Kuma duk da girgiza kan, Damisa ta ci rabi, ta ci kashi uku cikin huɗu, har ya rage bai fi tsawon hannu biyu ba. Ya wuce ta ta gefe, ya haye ƙoli, ya miƙe tsaye don ya tarbe ta. Yaya ta kama hannuna ta matse. Ban san wa take wa addu'a ba, ita ma ban jin ta sani.

Da ya yi shiru na minti ɗaya, da yau ba ni da labari.

Amma ya juyo ya ga taro. Ya ga wayoyi sun tashi ana ɗauka. Ya ga kuma 'yarsa, a gaban duniya, tana tafiya a lamba ɗaya. Mutumin da shekara ashirin bai taɓa barin fanka ta bar shagonsa sai ya kunna ta a uku a gaban mai ita ba.

"Likita!" ya ƙwala. "Ka ga kunkuru, yanzu ka ga damisa!"

Likita ya sa hannu biyu a ka. "Injiniya, kar ka…"

Ya danna.

Ragowar ƙarfin batirin ya tafi gaba ɗaya. Tayoyi suka tono dutsen da suke kai, bulo ya tsinke, gaba ya tashi, Damisa ta tsaya a kan ƙafafun baya kamar za ta gaishe shi, sannan ta juya. Ta gangaro tana tsalle, duwatsu na bin ta. Batiri ya yi gabas, raga ta yi yamma tana gungurawa, mai aski ya bi ta a guje yana "Tawa ce! Kar wanda ya taɓa!" Abin da ya iso ƙasa gangar jikin ce kawai. Na duba, ko ɗigon walda ɗaya bai saki ba. Na ɗaga na nuna wa jama'a, don a shaida.

Da ƙura ta lafa, sai ga Injiniya tsugune a ƙoli, ya rungume wani dutse, ƙafa ɗaya ba takalmi. Duwatsun da ya taka ya hau duk sun bi Damisa. Duk inda ya miƙa ƙafa sai wurin ya motsa.

"Likita, ka rubuta an kai ƙoli!"

"Wa ya kai?"

"Kamfani ya kai! Ga ni!"

"Mota aka ce, Injiniya."

"To a sake! Iska ce ta canza!"

Mai gadi ya ce akwai dogon tsani a bayan gini, bari ya ɗauko. Na riƙe masa hannu.

"Baba, tsanin nan nauyi gare shi, ga rana. Ka huta tukuna. Minti ashirin."

Muka tsallaka titi. Ni da mai burodi muka ɗaga teburin Injiniya, shi ma da hannu ɗaya ya ɗauka yana murmushi. Yaya ce ta riƙe mana ƙofa, tana cewa a bi a hankali da kwalbar noti. Daga saman tsibin komai a fili yake gani.

"Ƙanina! Auta! Mu yi magana! Wata-wata ɗin nan da ka ce, na duba, akwai hikima a ciki!"

Na jawo bencina na ƙarfe na daidaita shi a bakin ƙofa. Na ja waya, na sauke baƙin tabarau. Ƙafa ta farko na haɗa ta da ƙarfen dakali.

"Maman yara, ki yi masa magana, ƙaninki ne!"

"Ba na jin ka, Baban yara, ƙarar walda!"

Ta biyu. Ta uku. Sai da na gama ta huɗu, na buga da guduma na ji ta zauna, sannan na ɗaga wa mai gadi hannu.

Ya sauko da baya, hannu ɗaya na riƙe da tsani, ɗaya na rufe da yagar wando. Masu fanka huɗu na jiransa a ƙasa. Ya tsaya a matakalar ƙarshe, ya kakkaɓe riga, ya dubi taron nan ɗaya bayan ɗaya.

"Na gano matsalar," in ji shi. "Injin fanka ba na ƙasa ba ne. Kun ga yadda take ta son tashi? Jirgi mai saukar ungulu ya kamata in haɗa. Babbar farfela kawai nake buƙata."

Yaya ta juya masa baya. Ta tsallako ta same ni ina naɗe waya.

"Auta, kar ka naɗe. Ɗauko injin ka biyo ni gida yanzu, kafin ya iso. Fankar silin ɗin falo nake so ka walde min da rufi."